Araha da Tsada Wajen Tsare Dukiya Daga Ruwa: Daga Makubar Birnin Zariya Zuwa Fentin Jirgin Ruwa



Duk wanda ya ji an ce za a yi lacca a Zariya a kan fentin da akan shafa wa gindin jirgin ruwa, ba laifi in ya yi mamaki. Tsakanin Ƙofar Doka da bakin teku akwai tafiyar ɗaruruwan mil, kuma Kubanni da Galma, ko sun cika sun batse cikin watan Agusta, ba su ɗaukar abin da ya wuce kwalekwalen masunta. Amma akwai dalilai biyu da suka sa zancen ya dace da wannan wuri. Na farko, ɗaliban da ake yayewa a garin nan, daga Jami'ar Ahmadu Bello da kuma Cibiyar Koyar da Fasahar Sufuri da aka kafa a 1986, su ne kan zama ma'aikata a sassan kula da kamun kifi na Kebbi da Neja da Borno, da hukumar hanyoyin ruwa da ke Lokoja, da tashoshin jiragen ruwa na Legas. Wata rana fayil zai sauka a kan teburin ɗayansu, an ce a sayi fenti don jiragen ma'aikata, ga 'yan kwangila uku kowa da farashinsa, ga kuma ƙa'idar ofis da ke jan hannu zuwa ga wanda ya fi araha. Dalili na biyu kuwa shi ne, mutanen birnin Zariya sun yi ɗaruruwan shekaru suna fama da irin wannan matsala a jikin bangayensu, sun kuma san amsarta tun kafin a ƙago gwangwanin fenti.

Abin da magina suka sani

Ruwan sama da ke zuba a Zariya a shekara yakan kai inci 40 ko ya ɗara kaɗan, watau wajen milimita 1,000, kuma kusan dukkansa cikin wata biyar yake sauka. Gidajen birni na asali kuwa da tubalin ƙasa aka yi su, ba ƙonanne ba, aka rufe da azara da ƙasa. Ƙasa da ruwa ba su ga maciji. Duk da haka akwai soraye da zauruka a unguwannin birni da suka ga damina fiye da 100 suna tsaye. Asirin yana ga abin da ake shafa musu a waje.

Mafi sauƙi cikin waɗannan shafe-shafe ita ce makuba. Idan ɗorawa ta nuna, aka fitar da garinta aka sha, aka kai kalwa wurin masu daddawa, ɓawon da ya rage shi ne makuba. Akan jiƙa shi ko a dafa, ruwan ya rine ya yi ja-ja baƙi-baƙi, sa'an nan a kwaɓa ƙasar yaɓe da shi, ko a riƙa yayyafa shi a daɓe mata suna bugu da madaɓi har ƙasa ta yi ƙarfi ta ɗauki sheƙi. Abin lura, ɗorawa tana nuna ne da bazara, daidai lokacin da maigida ke duban rufinsa yana tunanin ruwan farko, don haka kayan gyara da lokacin gyara tare suke zuwa. Abin da ke aiki cikin makuba wani sinadari ne mai bauri da masana ke kira tanin, irin wanda ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita. Yakan kama ƙwayoyin yumɓu ya ɗaure su, ruwan sama ya riƙa zamewa maimakon ya jiƙa bango, amma bai toshe hanyar da danshin ciki zai fita ba. Wannan siffa ta biyu ita ce mutane suka fi mantawa da ita, za a kuwa komo kanta.

Wanda ya fi makuba ƙarfi shi ne laso, simintin Hausawa. Kayan haɗinsa uku ne, kuma kowanne daga wata sana'a yake fitowa. Akwai katsi, watau laka da ke kwantawa a gindin rijiyar marina, wadda akan kwashe a shanya a ƙona a daka. Akwai gashin jima da majema ke kankarewa daga fata, shi ne ke riƙe haɗin kada ya tsattsage, maiƙon da ke jikinsa kuma yana korar ruwa. Sai dafara, wani tsiro mai yaɗo da akan daka saiwarsa a sami ruwa mai yauƙi da danƙo. Da laso ake shafe rufin soro da kan bango da zankwaye da bakin indararo, wuraren da ruwa ya fi duka. Da shi kuma ake shafe cikin rijiyar marinar kanta, wadda ke riƙe da ruwan baba shekara da shekaru ba ta yoyo, kuma wannan kaɗai ya isa shaida. Akwai kuma cafe, inda akan danna tsakuwa cikin yaɓe tun yana ɗanye domin ta karya ƙarfin ruwa mai bugowa daga gabas.

Waɗannan kalmomi suna cikin ƙamus ɗin Bargery na 1934. Har Ma'aikatar Ayyuka ta zamanin Turawa, wadda ba ta da sha'awar yabon kayan gargajiya don yabo kawai, ta buga wani ɗan littafi a 1945 na injiniya Daldy a kan gine-ginen ƙasa a Arewa, inda aka bayyana yadda ake haɗa su, saboda a lokacin yaƙi siminti ya yi wuya, gwamnati kanta da su take gina ofisoshi da gidajen ma'aikata. Daga baya Moughtin ya sake tattara bayanin cikin littafinsa na 1985 a kan ginin Hausawa.

To, mene ne tsadar waɗannan abubuwa? Kayan kusan kyauta ne, gama dukkansu saura ne na wasu sana'o'i. Tsadar tana ga komawa. Makuba takan so a sabunta ta duk bayan shekara biyu ko makamancin haka, laso ya fi ta daɗewa amma shi ma yana da wa'adi. Shafen yana cinyewa ne a hankali domin bangon ya tsira, kuma magini da ke hawa rufi kowace bazara ba shafe kaɗai yake yi ba, yana duba azara, yana neman hanyar gara, yana ganin tsaga tun tana kamar zare.

Zuwan siminti

Masana'antar siminti ta Sakkwato ta soma aiki a 1967, ta Ashaka a 1979, a tsakaninsu kuma kuɗin mai suka shigo, ga ƙarin albashin Udoji da aka biya a farkon 1975. Ma'aikaci ya sami abin hannu, ya dubi gidan ubansa a birni, ya ce ya gaji da yaɓe kowace shekara, bari ya yi na dindindin. Sai ya sa a shafe bangon ƙasa da siminti, wani lokaci a bi da fentin mai. A lissafin farko wannan ya fi araha: a biya sau ɗaya a huta.

Abin da ke faruwa a bayan shafen shi ne lissafin bai ƙunsa ba. Siminti da ƙasa ba su haɗa jiki. Zafin rana da sanyin hunturu ba su motsa su daidai da juna, saboda haka ba a daɗewa simintin ke rabuwa da bango ya zama kamar ɓawo, ya kuma yi ƙananan tsagogi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka ma ruwa. In ya shiga kuwa, ko daga tsaga, ko daga sama, ko danshin da ke tasowa daga tushe, ba shi da mafita, domin simintin ya rufe hanyar da makuba ke bari a buɗe. Ƙasa ta jiƙe ta yi laushi a ɓoye, fuskar bango tana nan sumul ba alamar komai, har ranar da shafen zai ɓalle gaba ɗaya, wani sa'in ya tafi da rabin bangon. Duk wanda ya zaga lungunan birni bayan damina ya ga irin wannan. Magina suna ƙoƙarin magance shi da kafa ƙusoshi ko raga kafin shafe, abin yana jinkirta faɗuwar, bai kawar da danshin ba. A halin nan kuma marinai sun ragu ƙwarai, katsi ya yi wuya, matasan magina da yawa ba su taɓa haɗa laso da hannunsu ba.

Ba a yin zancen ginin ƙasa a Zariya a tsallake Masallacin Juma'a, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, cikin shekarun 1830. Masana gini na duniya sun yi rubutu a kan bakan gizonsa da ginshiƙansa, Dmochowski ya auna shi filla-filla har aka kwaikwayi siffarsa a gidan adana gine-ginen gargajiya na Jos. Cikin shekarun 1970 aka lulluɓe babban ɗakin sallarsa da sabon gini na zamani. Ran 11 ga Agusta 2023, ana sallar La'asar, wani sashe na rufin ya rufto, aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu. Fadar Zazzau ta bayyana cewa an lura da tsaga kwana ɗaya kafin nan, ana shirin kawo injiniyoyi. Ginin ƙasa, ko yana fili ko an yi masa rumfa, bai daina bukatar idon magini kowace shekara ba.

Abokan gaban jirgi a teku

Yanzu sai a juya ga jirgi. Duk abin da aka tsoma cikin ruwan teku, cikin 'yan kwanaki sai wani yauƙi ya lulluɓe shi, daga nan gansakuka ta kama, daga bisani kuma wata 'yar halitta mai ɓawo kamar dutse, dangin ƙaguwa, ta zo ta manne da wani irin danƙo da ba ya saki. A nan za a kira ta manne-jirgi. Gindin jirgi da ya kamata ya zama sumul sai ya koma kamar bayan kada, ruwa ya riƙa riƙe shi, inji ya ƙara shan mai. Wani bincike da Michael Schultz na makarantar sojan ruwan Amurka ya buga a 2007 ya nuna cewa jirgin yaƙi matsakaici, in irin wannan ƙazanta ta yi masa katutu, yana iya bukatar ƙarin ƙarfi har kashi 86 cikin 100 kafin ya yi gudun da ya saba. Jirgin da ke zaune wuri ɗaya cikin ruwa mai ɗumi shi ya fi saurin kamuwa. Jiragen siminti sama da 400 da suka yi cirko-cirko a bakin Legas a 1975, wasu wata da watanni suna jiran a sauke su, a irin wannan hali suka zauna, kayan cikinsu yana daskarewa, gindinsu yana tara ciyawa.

Jirgin katako yana da ƙarin abokin gaba, wata halitta mai kama da tsutsa, alhali dangin ƙumba ce, wadda ke huda katako tana ƙarama ta girma a ciki tana cinsa. Garar teku ke nan, kuma aikinta irin na gara ne, waje lafiya ciki rami. Ita ce ta rarake jiragen Kolumbus har dole ya kafe biyun da suka rage masa a gaɓar Jamaika a 1503, ya yi shekara guda yana jiran ceto.

Mutanen da sun gwada kwalta da kitse da ƙibiritu da fallen darma. A 1761 sojan ruwan Ingila suka lulluɓe gindin wani jirginsu mai suna Alarm da fallayen jan gaci, wanda wasu ke kira jan ƙarfe, suka tura shi ruwayen zafi. Ya komo ba gara ba ciyawa. Kafin ƙarshen yaƙin 'yancin Amurka an yi wa yawancin manyan jiragensu haka. Sai wata ɓarna ta bayyana: idan ƙarfe iri biyu suka haɗu cikin ruwan gishiri sukan zama kamar batir, ɗaya yana cin ɗaya, don haka jan gacin ya riƙa cinye ƙusoshin baƙin ƙarfe da ke riƙe da jirgin, dole aka sake ƙusoshi da na gaci.

Labarin da ya fi dacewa da wannan lacca shi ne na Humphry Davy. Hukumar sojan ruwa ta ga jan gaci yana da tsada, kuma yana zaizayewa, sai ta nemi wannan babban masani ya hana shi cinyewa. A 1824 ya samo dabara, ya liƙa gutsattsarin tutiya ko baƙin ƙarfe a jikin fallayen domin su a ci su, gacin ya tsira. Dabarar ta ci, gaci ya daina zaizayewa. Amma jiragen suka komo ɗauke da ciyawa da manne-jirgi. Ashe wannan 'yar zaizayar ita ce maganin: gubar da ke fita kaɗan-kaɗan daga jikin gacin ita ke hana halittu zama. Da aka hana shi cinyewa sai ya daina aiki. Magini na Unguwar Babban Gwani da an ba shi wannan labari da bai yi mamaki ba.

Da aka koma ƙera jirage da ƙarfe, ba dama a lulluɓe su da gaci, sai aka zuba gubar cikin fenti, kuma har yau garin jan gaci shi ne ginshiƙin yawancin fentin gindin jirgi. Cikin shekarun 1960 aka shigo da wata guba da ake haɗawa daga kuza, irin ma'adinin da aka sani a Jos, ana kiranta TBT a taƙaice. A 1974 aka fito da fentinta mai goge kansa, wanda ke narkewa a hankali yana fito da sabuwar fuska, jirgi ya yi har shekara biyar bai hau tudu ba. Masu jirage ba su taɓa ganin araha irin wannan ba. Wasu ne dabam suka biya kuɗin. A gaɓar Arkashon ta Faransa, inda jama'a ke rayuwa da kiwon kawa, watau wata halittar ruwa mai ɓawo biyu da Turawa ke ci, sana'ar ta durƙushe a ƙarshen shekarun 1970, ɓawon kawa yana nakasa, 'ya'yanta ba su rayuwa. A gaɓar Ingila aka iske matan wani irin dodon koɗi suna tsiro da al'aurar maza, suna kasa haihuwa. Faransa ta hana shafa wannan fenti ga jiragen da ba su kai mita 25 ba a 1982, Ingila ta biyo a 1987, Amurka a 1988. Hukumar kula da sufurin teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsara yarjejeniyar hana shi gaba ɗaya a 2001, ta soma aiki ran 17 ga Satumba 2008. A farkon 2023 aka ƙara wata guba mai suna sibutirin cikin jerin abubuwan da aka hana.

Fayil a kan tebur

Ma'aikacin da aka ɗora wa sayen fenti, tambayarsa ta farko ba farashi ba ce. Tambayar ita ce: a wane ruwa jirgin yake, da me aka ƙera shi, kuma yaya ake aiki da shi?

In jirgin yana ruwan gishiri ko gauraye, kamar tafkin Legas da mashigin Fatakwal da Kalaba, kuma yana kwana cikin ruwa, lalle yana bukatar fentin guba. Mafi araha shi ne mai laushi da ake haɗawa da ƙaro, wanda ƙarfinsa bai cika wuce shekara guda ba. Akwai mai tauri, wanda ke jure gudu da goga amma yana barin tsohon ɓawo da sai an kankare, kuma yakan mutu in jirgi ya daɗe a tudu. Akwai mai goge kansa na zamani, ba kuza a ciki, ya fi tsada ya kuma fi daɗewa. Akwai kuma wani mai santsi kawai ba guba, wanda sai jirgi mai gudu sosai yake yi wa amfani, tsadarsa kuma ta fi ƙarfin ƙaramar ma'aikata. Lita guda takan shafe wajen murabba'in mita 8 zuwa 10 a hannu ɗaya, kuma hannu biyu ake so, da ƙari a bakin ruwa da goshin jirgi. Ɗan kwangilar da ya tsinka fenti da mai domin ya yaɗu, ko ya yi hannu ɗaya ya karɓi kuɗin biyu, babu mai gane shi ranar biya, sai bayan wata shida.

Lissafin araha kuwa da shekara ake yinsa, ba da gwangwani ba. A ɗauka fenti na farko rabin kuɗin na biyu ne, amma shekara ɗaya yake yi, na biyun uku. Cikin shekara uku an sayi na farko sau uku, kuɗinsa ya riga ya wuce na biyun da rabi, kafin ma a sa ladan fito da jirgi tudu sau uku, da kankara, da kwanakin da jirgin ya yi ba ya aiki. Amma in jirgin dama kowace shekara sai an fito da shi don wani gyara, to mai arahar shi ne daidai, sayen mai tsada ɓarnar kuɗin jama'a ce. Jirgin alminiyam kuwa, shafa masa fenti mai garin jan gaci maimaita kuskuren ƙusoshin Alarm ne, gindin zai huhhuje. Akwai irin da aka yi dominsa. Gwangwanin da ba a rubuta abin da ke cikinsa ba, ko aka kawo shi da arahar da ta wuce hankali, abin tuhuma ne, gama an ci gaba da samun fentin TBT a kasuwannin wasu ƙasashe shekaru bayan an hana shi. Araha ba ta ado. Ƙurar kankarar wannan fenti guba ce ga lebura, a jiƙa kafin a goge, a kuma kwashe ta nesa da ruwa. Gwangwanin da ya ƙare a huda shi, domin kowa ya san inda gwangwani mai kyau ke ƙarewa a ƙasar nan: guga, ko mazubin man gyaɗa.

Duk wannan zancen teku ne. Mafi yawan jiragen da Bahaushe ke shiga suna ruwan daɗi ne: Kwara a Yawuri, tafkin Kainji da ya samu bayan gama madatsa a 1968, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 1,200, da Tiga, da Baga a bakin Chadi. Manne-jirgi da garar teku ba su rayuwa a waɗannan ruwaye. Abin da ke kama jirgi a nan yauƙi ne da gansakuka, waɗanda soso da yashi ke fitarwa. Kwalekwalen Basarke da ake jawowa gaɓa ya sha rana ba ya bukatar ko cokali ɗaya na fentin guba, kuma ma'aikatar da ta sayo shi don irin waɗannan jirage ta yi hasara biyu: ta zubar da kuɗi, ta kuma zuba jan gaci cikin ruwan da ake kama kifi ake sha, alhali gubarsa ta fi yi wa kifi illa a ruwan daɗi mai sauƙin ma'adini. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Abin da ke kashe jirgin katako a ruwan daɗi shi ne ruɓa. Ruwan gishiri yana ɗan tsare itace, ruwan daɗi kuwa, musamman na sama da ke kwanciya a cikin jirgi, shi ne abincin funfunar da ke cin katako. Masassaƙan da suna da maɗaci da kawo da maje masu kauri da za su fafe jirgi daga gungume guda. Manyan itatuwa sun yi ƙaranci, yanzu da fallayen katako ake haɗa jirgi, da ƙusa, a cusa tsumma a haɗin a bi da kwalta. Nan ne kuɗi ya kamata ya tafi: katako busasshe mai kyau, ƙusa da ba ta saurin tsatsa, sabunta cushe da kwalta a kan kari, kwashe ruwan ciki, da sauya fallen da ya yi laushi. Fentin mai da aka shafa a kan jiƙaƙƙen katako aikin siminti a bangon ƙasa yake yi, ya kulle danshi, ya ɓoye ruɓa, jirgi ya fito da kyau a ido. Mai duba jirgi da tsinin wuƙa ya kamata ya duba shi, ba da kallon launi ba. Ran 26 ga Mayu 2021 wani jirgin katako da ya taso daga Jihar Neja zuwa Warra ta Jihar Kebbi, da mutum fiye da 150 a ciki, ya tsage a tsakiyar Kwara, kimanin 20 kaɗai aka ceto da rai. Hukumomi suka ce lodi ya yi yawa, jirgin kuma ya tsufa ya yi rauni.

Akwai wani zare da ya haɗa bangon birni da gindin jirgi wanda ya cancanci ɗaliban kimiyya su bi shi. Masunta sun daɗe da sanin cewa makuba, in an zuba ta da yawa a kududdufi, tana sa kifi maye ya taso, Dalziel ma ya rubuta haka cikin aikinsa a kan tsirran Afirka ta Yamma. Watau tana da tasiri a kan halittun ruwa, saboda haka ba abin wasa da ita ba ce a tafki. A ɗaya gefen kuma, masu binciken fenti a La Plata ta ƙasar Ajantina sun gwada tanin na wasu itatuwa, ciki har da wani dangin bagaruwa, a farkon shekarun 2000, suka iske yana hana 'ya'yan manne-jirgi zama, kuma in an mai da su ruwa mai tsabta sukan farfaɗo, ba kamar gubar kuza ba. Matsalarsa ita ce saurin narkewa, sai an ɗaure shi da wani sinadari kafin ya daɗe a jikin fenti. Zariya tana da ɗorawa da bagaruwa, tana da cibiyar binciken fata a Samaru da ta san tanin ciki da bai, da cibiyar binciken haɗa sinadarai a Basawa, da sashen nazarin gini a jami'a. Gwajin farko ba ya cin kuɗi mai yawa. Fallayen katako iri ɗaya ne za a yanka, a shafa wa wasu kwalta, wasu fentin kanti, wasu haɗin makuba ko bagaruwa, a bar wasu haka nan, a rataya kashi ɗaya a madatsar Kubanni, kashi ɗaya a Kainji wurin cibiyar binciken kifi ta Sabuwar Busa, kashi ɗaya a tafkin Legas, a riƙa ɗagowa kowane wata ana aunawa ana rubutawa har shekara biyu. A gefen ɗakin gwajin kuma a ta da guntayen bango uku na tubali, ɗaya da makuba, ɗaya da laso, ɗaya da siminti, a ɗauko tsohon magini daga birni ya haɗa lason da hannunsa, ɗalibi yana tsaye da ma'auni da littafi yana rubuta yawan katsi da gashi da dafara da ya zuba.